Babi na Huɗu: Lissafin Bajintar Ɗan Wasa da Dalilan Cikar Fili a Wajen Ɗan Kallon Ƙasar Shanono

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren wasannin da matasan ƙasar Shanono suke yi da kuma waɗanda suke kallo. A wannan babi kuwa za a dubi tambaya guda ɗaya, wato mene ne yake tayar da mutum daga gidansa, ya bar aikinsa, ya kashe kuɗinsa, domin ya je ya kalli waɗansu suna wasa? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce gwanintar 'yan wasa. Ana ɗauka cewa duk inda aka sami ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo, ko ɗan damben da ya fi kowa kisa, to nan ne jama'a za su yi dafifi. Wannan zance akwai gaskiya a cikinsa, sai dai gaskiyar tana da iyaka, kuma iyakar tata ce za a nuna a nan.

Shanono ƙaramar hukuma ce da take arewa maso yammacin Jihar Kano, ta yi iyaka da Jihar Katsina, tana kuma maƙwabtaka da Gwarzo da Bagwai da Tsanyawa. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ta mutum kimanin 140,000, mafi yawansu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, a garuruwa irin su Faruruwa da Kokiya da Alajawa da Leni da Shakogi da Tsaure. Wasanni biyu ne za a auna a kan wannan jama'a: dambe, wanda suka gada, da ƙwallon ƙafa, wadda babbar ƙungiyarta a jihar ita ce Kano Pillars. Amma kafin a kai gare su, ya kamata a fara leƙa inda al'adar lissafin bajinta ta fi kafuwa, domin a can ne masana suka fara yin wannan tambaya.

4.1 Asalin Lissafin Bajintar Ɗan Wasa

Abin da ake nufi da lissafin bajinta shi ne rubuta abin da kowane ɗan wasa ya aikata a fili da alƙaluma, wato wasa nawa ya buga, ci nawa ya yi, kuskure nawa ya yi, a yi ta tarawa shekara da shekaru, ta yadda za a iya auna ɗan wasan yau da na jiya ko da ba su taɓa ganin juna ba. Wasan da ya fi shahara da wannan al'ada shi ne besbol na ƙasar Amurka. A wasan ana jefo wa mutum wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, ya doke ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin abokan karawa su mayar da ita. Da yake wasan daki-daki yake tafiya, jifa ɗaya sannan duka ɗaya, kowane motsi yana ƙirguwa. Tun a shekarar 1859 wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Henry Chadwick ya riƙa buga jadawalin abin da kowane ɗan wasa ya yi a jaridar birnin New York, daga nan abin ya zama jiki ga masu kallon wasan.

A shekarar 1956 wani masanin tattalin arziki, Simon Rottenberg, ya kawo ra'ayin da har yau ake muhawara a kansa. A ganinsa, abin da ɗan kallo yake saya da kuɗinsa shi ne rashin sanin wanda zai yi nasara, saboda haka idan ƙungiya ɗaya ta tattare gwanaye duka, wasa zai gunduri mutane, su daina zuwa. Da Bahaushe ne ya faɗa, sai ya ce daɗin wasa shi ne ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Tarihin besbol ɗin kansa ya nuna cewa dalilan sun fi ɗaya. A watan Agusta na 1994 'yan wasa sun shiga yajin aiki har aka soke wasan ƙarshe na shekarar, da aka dawo a 1995 sai yawan masu zuwa kowane wasa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, alhali kuwa gwanayen nan dai su ne, ba su canza ba. Fushi ne ya hana mutane zuwa. A 1998 kuma lissafi ya yi aikinsa, lokacin da Mark McGwire da Sammy Sosa suka shiga tseren karya tarihin dukan da yake fitar da ƙwallo bayan fili, wanda Roger Maris ya kafa da 61 a 1961. McGwire ya ƙare da 70, Sosa da 66, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa domin a karya tarihi a kan idonsu. (Daga baya, a 2010, McGwire ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, abin da ya rage wa wannan lissafi daraja.) A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar Oakland Athletics, wadda ta yi suna wajen zaɓen 'yan wasa ta hanyar nazarin alƙaluma, ta ci wasa 20 a jere a 2002, amma duk da haka ba ta shiga sahun gaba ba wajen yawan 'yan kallo. Sannan a 2023 da aka sa agogon da yake hana ɓata lokaci, tsawon wasa ya sauko daga kimanin awa uku zuwa awa biyu da minti arba'in, 'yan kallon shekarar suka haura miliyan 70. Ke nan har a gidan lissafi, abubuwa irin su yarda da lokaci suna gogayya da bajinta.

4.2 Yadda Bahaushe Yake Adana Bajinta: Misalin Dambe

Ba daidai ba ne a ce Bahaushe bai san lissafin bajinta ba sai da ƙwallon Turawa ta zo. Ya san shi, sai dai a baki yake ajiye shi. A dambe ana yin turmi uku, wanda aka kai ƙasa, ko da hannunsa ne ko gwiwarsa ta taɓa, an kashe shi ke nan, idan kuwa turmin ya ƙare kowa yana tsaye sai a ce babu kisa. To, wannan kisa shi ne abin ƙirgawa, kuma masu ƙirga shi su ne makaɗa da 'yan ma'abba da su kansu 'yan kallo. Idan ɗan dambe ya fito yana kirari, jerin waɗanda ya kashe da garuruwan da ya yi kisan yake kawowa. Waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago da Ɗan Dunawa da Ado Ɗan Kore su ne suka riƙe tarihin waɗannan mazaje har ya kai ga waɗanda ba su taɓa ganin su a fage ba.

Akwai bambanci babba tsakanin wannan lissafi da na jarida. Jadawalin jarida adadi yake dubawa, kowane ci ɗaya ne da ɗan'uwansa. Lissafin dambe kuwa nauyi yake dubawa: wa ka kashe, a ina, a gaban wa? Ɗan damben da ya kashe ƙananan yara ashirin bai kai wanda ya kashe babban gwani sau ɗaya a gaban taro ba. Haka kuma makaɗi ba ya ƙirga faɗuwar ubangidansa, saboda haka lissafinsa yana da son kai, abin da mai nazari ya kamata ya riƙa tunawa. Hatta sunan ɗan dambe wani nau'in tarihi ne, domin idan aka ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, ko Garkuwan wane, an faɗi gidan da ya taso da hannun da ya rene shi, kamar yadda ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Jamus ko Guramada, yake faɗin waɗanda za su tsaya masa.

A nan ra'ayin Rottenberg ya zauna daram. Abin da yake cika gidan dambe shi ne a ji an haɗa gwanaye biyu waɗanda ba a san wanda zai kwanta ba a cikinsu. Idan tazara ta yi yawa ma, sau da yawa wasan ba ya yiwuwa, domin ɗan dambe yana da ikon ƙin sa zare da wanda ya ga ba tsaransa ba ne. Sai dai ko a damben, suna shi kaɗai ba ya tara jama'a. A ƙauyukan ƙasar Kano, lokacin dambe shi ne kaka, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin bukukuwan aure na mahauta da kalankuwa, sa'ad da aljihu yake da nauyi, hannu kuma ba ya kan fartanya. Da za a kawo gwanin gwanaye tsakiyar watan Yuli, ana tsaka da maimai, da wuya a sami rabin taron da ƙaramin ɗan dambe zai samu a watan Disamba. Gidajen dambe na dindindin, inda ake biyan kuɗin ƙofa, a birane suka kafu, kamar na Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja, kuma da yawa daga masu cika su mutanen karkara ne da suka je cin rani.

4.3 Kano Pillars: Alƙaluma da Jama'a

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta gaji garin da ya riga ya san daɗin ƙwallo, domin Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa tun a 1978. Pillars ta ɗauki kofin gasar Nijeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ci kofin ƙalubale a 2019 bayan ta doke Niger Tornadoes da bugun fenareti a Kaduna. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Gidanta shi ne filin wasa na Sani Abacha da yake Ƙofar Mata, mai ɗaukar mutum kimanin 16,000, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da na kofin Afirka a 2000. An daɗe ana lissafa ta cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa cika fili a Nijeriya.

4.3.1 Mai Yawan Ci da Mai Daɗewa

Lissafin da aka fi kulawa da shi a gasar Nijeriya shi ne na yawan ƙwallayen da ɗan wasa ya zura a raga cikin shekara. A 1990 Ishaya Jatau na Iwuanyanwu Nationale ya ci 17, wannan adadi ya tsaya shekara ashirin, sai a kakar wasa ta 2009/2010 Ahmed Musa na Kano Pillars ya ci 18, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Jude Aneke na Kaduna United ya kai 20 a 2011, Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014. Abin lura a nan shi ne, a shekarar da Ahmed Musa ya kafa tarihinsa Pillars ba ta ɗauki kofi ba, a 2014 kuwa da ta ɗauka, mai yawan cin ɗan wata ƙungiya ne. Yawan cin mutum ɗaya daban, nasarar ƙungiya daban. Daɗin daɗawa, wannan lissafi bai san da zaman mai tsaron gida da 'yan baya ba, bai kuma bambanta ƙwallon da aka ci da fenareti da wadda aka ci bayan an yanke mutum uku ba.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ƙungiyoyin ƙasashe irin Nijeriya, wanda ba a samun irinsa a besbol ɗin Amurka. A can, idan ɗan wasa ya kafa tarihi, ko da ya canza ƙungiya yana nan cikin gasar, jama'a za su ci gaba da ganin sa. A nan kuwa adadi mai yawa takardar sallama ce. Ahmed Musa bai ƙara shekara ba ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, daga can ya wuce CSKA ta Mosko da Leicester ta Ingila. Junior Lokosa ya ci wa Pillars 19 a 2018, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar, farkon 2019 sai ga shi a Esperance ta Tunisiya. Wato alƙaluman da ya kamata su jawo ɗan kallo su ne suke jawo ɗan kasuwar da zai ɗauke ɗan wasan. Kafin labarin yaro ya gama zagaya ƙauyuka, mutum ya tara kuɗin mota ya ce bari ya je ya gani da idonsa, yaron ya riga ya haye jirgi.

Saboda haka sunan da ya fi zama a bakin magoya baya shi ne na wanda ya daɗe. Misali a nan shi ne Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, ɗan wasan tsakiya kuma gwanin bugun tazara, wanda ya shafe shekaru fiye da goma a ƙungiyar, ya riƙe mata kyaftin, ya kuma ci gaba da wasa bayan ya haura shekara arba'in. Matsayinsa a wajen 'yan kallo ya fi kama da na tsohon ɗan dambe, wanda ake ƙirga manyan ranakunsa da irin mutanen da ya kunyata, fiye da na ɗan wasan jadawali. Shi kansa Ahmed Musa, jama'ar da ta riƙa bin sa da ya dawo Pillars a 2021, da kuma dawowarsa ta biyu a 2024, ba ƙwallo 18 na 2010 ne suka tara ta ba. Abin da ya tara ta shi ne ƙwallo biyu da ya ci Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, da biyu da ya ci Iceland a ta 2018, da kuma jin cewa ɗan gida ne ya je duniya ya dawo. A 2025 gwamnatin jihar ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar.

4.3.2 "Sai Masu Gida"

Adadin da ya fi kowane adadi bayyana dangantakar Pillars da jama'arta ba na ɗan wasa ɗaya ba ne. Daga watan Yuni na 2003 zuwa watan Agusta na 2015 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, wasa 202 a jere, sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta biyu da ɗaya. Idan ra'ayin Rottenberg ne kaɗai yake aiki, da waɗannan shekaru goma sha biyu su ne na gundura, domin duk mai shiga fili ya san da ƙyar baƙo zai fita da maki uku. Amma kuma su ne shekarun da ƙungiyar ta fi farin jini. Wannan bai saɓa wa abin da aka gano a waɗansu wurare ba. Binciken da Babatunde Buraimo da Rob Simmons suka yi a kan ƙwallon Ingila da ta Sifen wajen 2008 da 2009 ya nuna cewa mai zuwa fili ya fi son ya ga ƙungiyarsa ta ci, mai kallo a talabijin ne ya fi damuwa da a yi kankankan. Kirarin magoya bayan Pillars, "Sai Masu Gida", ya riga ya faɗi haka a taƙaice: sun zo ne su ga an kare gida.

Wannan ƙauna tana da nata haɗarin, domin wanda ya zo da yaƙinin nasara ba ya jure ganin akasinta. A 2020 an mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Da ta dawo Kano a watan Afrilu na 2022, wasanta da Katsina United ya watse da rikici, aka lalata motar baƙi, hukumar gasar ta ci ta tara, ta rage mata maki, ta kuma mayar da wasanninta Abuja. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A watan Oktoba na 2025 irin haka ta sake faruwa bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa, aka sake rage maki, aka tura wasannin gida zuwa Katsina. Duk lokacin da haka ta faru, asarar biyu ce: ƙungiya ta rasa kuɗin ƙofa da ƙarfin da ihun jama'a yake ba ta, magidanci mai kamun kai kuma, wanda da ma yake ɗari-ɗari da zuwa da ɗansa, ya ƙara samun dalilin zama a gida. Babu wani adadin ƙwallaye da zai rinjayi uban da yake tsoron jifa.

4.4 Abin da Ɗan Shanono Yake Aunawa

Duk abin da aka faɗa a sama ya fi shafar mazaunin birni, wanda tsakaninsa da Ƙofar Mata kuɗin adaidaita sahu ne. Ɗan Shanono lissafinsa daban ne, kuma kuɗin tikiti shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, in kuwa daga ƙauye ya taso sai ya fara biyan ɗan acaɓa zuwa bakin titi, ga abinci, ga yinin da ya tafi ba a yi aikin komai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, farashin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi shi, wannan tafiya ta ƙara nisa ba tare da hanyar ta ƙaru da taku ɗaya ba.

Sai kuma lokaci. An saba take wasannin gasar Nijeriya da ƙarfe huɗu na yamma, a tashi gab da magariba, kafin mutum ya fita daga cunkoson birni ya kai tasha duhu ya yi, ya isa gida cikin dare. A shekarun baya wahala ce kawai, amma a ƙarshen 2025, da 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga iyakar Katsina suna kai hari a waɗansu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, tafiyar dare ta zama abin da ake yi wa dogon tunani. Haka nan yanayin shekara yana da tasiri irin wanda aka gani a dambe. A 2013 da 2014, shekarun da Pillars take tashe, gasar ta fara ne a watan Maris ta ratsa damina gaba ɗaya, wato daidai lokacin shuka da noman farko da maimai. Daga 2023 aka daidaita ta ta riƙa farawa wajen ƙarshen damina ta ƙare wajen Mayu ko Yuni, wanda ya fi dacewa da manomi, ko da yake ba dominsa aka yi ba. Da rani kuma samari da yawa suna birni wajen neman kuɗi, a nan ne mafi yawansu suke samun damar shiga filin.

Babban abokin hamayyar filin Ƙofar Mata kuwa yana nan cikin gari, wato gidan kallo. Tun da tauraron ɗan'adam ya yaɗu a shekarun 2000, da wuya a sami gari mai ɗan girma a ƙasar Kano da babu rumfar kwano mai benci da janareta, ko faranti mai amfani da hasken rana, inda ake nuna wasannin Ingila da Sifen a kan kuɗi kaɗan. Lokutan ma sun yi karo, domin wasan da ake takewa da ƙarfe uku na ranar Asabar a Ingila yana faɗawa ƙarfe huɗu agogon Nijeriya a lokacin hunturu, manyan wasannin Lahadi kuma suna zuwa da yamma. A wannan rumfa ne lissafin bajinta irin na jarida ya sami gindin zama a ƙauye. Talabijin yana nuna adadin ƙwallaye da na taimako da na mallakar ƙwallo, wayar hannu tana ƙarawa, sai ka tarar da saurayin da bai taɓa fita Jihar Kano ba yana kawo yawan kyautar gwarzon duniya da Messi da Ronaldo suka ci, da shekarun da suka ci, a musun majalisa, alhali bai iya jera 'yan wasa biyar na Pillars ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Abin da ake nuna masa kowane mako shi ya sani, labarin Pillars kuwa sau da yawa a rediyo yake tsintar sa, sakamako ne da sunan wanda ya ci.

Da wannan za a gane cewa alƙaluma sun fi aiki a kan mai kallo daga nesa, wanda ba shi da wata alaƙa da ƙungiya sai ta gwaninta, shi ya sa yake iya sauya sheƙa idan gwaninsa ya sauya. Mai zuwa fili da ƙafarsa kuwa yana buƙatar wani abu da ya shafe shi, kuma ana ganin haka ƙarara a wasannin da matasan ƙauyuka suke shiryawa tsakanin gari da gari. A filin makarantar firamare ake yin su, bayan la'asar, da kaka ko da rani ko kwanakin salla. Babu katanga, babu tikiti, babu mai rubuta wanda ya ci, wani lokaci ragar ma babu, sanda biyu ne da igiya. Duk da haka sai a kewaye fili sahu biyu ko uku, yara a gaba, masu babura a baya suna tsaye a kan sirdi, masu rake da gyaɗa da ƙanƙara suna ciniki, dattawan da suke cewa ƙwallo shiririta ce su ma suna leƙe daga gindin bishiya. Mai riga lamba tara ɗan wane ne, mai tsaron gida ƙanen wance ne, garin da aka zo karawa da shi kuwa da su ake haɗuwa ranar kasuwa, kuma wanda aka ci zai sha tsiya har kasuwa ta gaba.